Kitso da Ƙwarƙwata: Yadda Muke Koyar da Gayyar Kwamfutoci a Jami'o'inmu

Gabatarwa

A daminar da ta wuce an gayyace ni wata jami'a, wadda ba zan ambaci sunanta ba, domin in zauna cikin malaman da za su duba ayyukan kammala digiri na ɗaliban sashen ilimin kwamfuta. Daga cikin waɗanda suka tsaya gabanmu akwai wani saurayi mai kaifin basira, wanda ya haɗa manhajar biyan kuɗin makaranta ta wayar hannu. Aikin ya yi kyau a ido. Ya danna nan kuɗi suka fita daga asusun uba, ya danna can suka shiga asusun makaranta, takardar shaida ta fito har da tambari. Malamai suka yi ta gyaɗa kai. Da magana ta zo kaina sai na ce masa, "Samari, idan kuɗin sun fita daga asusun uban, saƙon da zai sanar da makaranta kuma ya ɓace a hanya, me manhajarka za ta yi?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ba zai ɓace ba." Na ce, "To, a ƙaddara ya ɓace, uban kuma ya ga shiru ya sake dannawa?" Ya yi jim, sa'an nan ya ce, "Sai dai a sake cire masa kuɗin, Malam."

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, takardar sakamakon yaron nan tana gabana, kuma kwas ɗin da aka tanada domin amsa irin wannan tambaya ya ci shi da maki mafi girma. Da na nemi ya kawo mini ma'anar fannin, sai ya zazzago ta kamar ruwa, ya bi ta da fa'idoji biyar da illoli biyar, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Saboda haka duk wanda ya ga laifin wannan yaro ya bar jaki yana dukan taiki. Abin da aka ba shi ya riƙe, ya kuma mayar da shi cif-cif ranar jarrabawa. Laifin namu ne, mu malamai, kuma ban cire kaina ba, domin na yi shekaru ina ba da irin wannan karatu ina barci da minshari.

Manufar wannan maƙala ita ce in nuna cewa yadda da yawa daga cikinmu ke koyar da wannan fanni kitso ne da ƙwarƙwata: sama ya yi lumui, ƙasa kuwa ana ta cizo. Zan yi jayayya da rukuni uku: masu hadda, da masu kasuwa, da masu uzuri. Wanda maganata ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mece ce Gayyar Kwamfutoci?

Kowa ya san gayya. Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai a tara jama'a kowa ya kama kunya guda, a gama kafin la'asar. Haka abin yake ga kwamfutoci: idan aiki ya fi ƙarfin guda, ko kuwa ana tsoron kada ta mutu aiki ya tsaya, sai a haɗa da yawa su yi shi tare, ta yadda mai amfani zai ɗauka da na'ura ɗaya yake hulɗa. Wannan shi nake kira gayyar kwamfutoci.

Sai dai akwai bambanci mai girma. 'Yan gayyar noma suna ganin juna, suna jin ganga ɗaya, rana ɗaya ce a kansu tana nuna musu lokaci. In wani ya faɗi kowa ya gani. Kwamfutoci kuwa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai karatu ya ƙaddara gayyar da ake yi cikin duhun dare, kowane manomi a gonarsa daban, ba mai ganin wani, ba su da hanyar magana sai ta 'yan aike. Ɗan aiken nan yana iya ɓacewa, yana iya tsayawa wasa ya iso bayan wanda aka aiko daga baya, yana iya isar da saƙo guda sau biyu. Kowane manomi kuma da agogonsa, babu biyu da suka yi daidai. A cikin wannan hali ake so a nome gona ba tare da an tsallake kunya ko an maimaita ta ba. Ilimin yadda za a yi hakan, da sanin abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, shi ne fannin da muke magana a kai. Leslie Lamport, wanda aka ba lambar yabo ta Turing a 2013, ya taɓa siffanta shi cikin raha a 1987 da cewa tsari ne da mutuwar wata kwamfuta, wadda ba ka ma san da ita ba, kan hana taka aiki.

Kada wani ya ɗauka wannan lamari ne na ƙasashen Turawa. Duk taransifar da mai shayi ya karɓa a bakin tasha sai ta ratsa wayar mai biya, da turken kamfanin sadarwa, da uwar garken bankinsa, da cibiyar da ke haɗa bankunan ƙasar nan, da uwar garken bankin mai shayin, kafin alat ya shigo. Rajistar jarrabawa, da biyan albashi, da tantance katin ɗan ƙasa, duk gayya ce. A yau da wuya ɗalibinmu ya rubuta manhajar da za ta zauna ita kaɗai a kan na'ura guda.

Ginshiƙai Huɗu

Kafin in shiga jayayya, bari in zayyana abin da nake nufi da tushe, don kada a ce ina sukar gini ban nuna harsashi ba.

Ginshiƙi na farko shi ne saƙo ba shi da tabbas. A 1994 Peter Deutsch na kamfanin Sun Microsystems ya jera wasu zace-zacen ƙarya da sababbin shiga wannan fanni kan faɗa cikinsu, na farkonsu kuwa shi ne zaton cewa hanyar sadarwa abar dogaro ce. Wannan zato ne saurayinmu ya furta da bakinsa shekara talatin bayan an yi gargaɗi a kansa. Akwai wani tsohon misali da aka fara rubutawa a 1975, wanda Jim Gray ya yaɗa a 1978, na sarakunan yaƙi biyu da suka yi sansani a kan tuddai biyu, abokan gaba na kwari a tsakaninsu. In sun kai hari tare su yi nasara, in ɗaya ya kai shi kaɗai ya halaka. Na farko ya aika cewa a kai hari da asuba. Ba zai motsa ba sai ya san saƙon ya isa, don haka na biyu ya aiko da amsa. Shi kuma na biyun ba zai motsa ba sai ya san amsarsa ta isa, don haka yana jiran amsar amsa. Haka za a yi ta yi har abada, domin kowane saƙo na ƙarshe yana iya zama shi ne wanda aka kama. An tabbatar da hujjar lissafi cewa babu adadin saƙonnin da zai kawar da wannan shakka.

Darasin da ke ciki ya shafi aljihun kowa. Idan kwamfuta ta aika da buƙata ta ji shiru, shirun nan yana da fassara huɗu: ko buƙatar ta ɓace, ko wanda aka aika wa ya mutu, ko ya yi aikin amsar ce ta ɓace, ko kuwa yana nan tafe jinkiri ne kawai. Mai aikawa ba shi da hanyar bambance su. In ya ƙi maimaitawa, wataƙila ba a yi aikin ba. In ya maimaita, wataƙila an yi sau biyu. Maganin da masana suka sani shi ne a ba kowace buƙata lambarta ta daban, mai karɓa ya riƙa ajiye lambobin da ya riga ya biya, ta yadda ko sau goma aka aiko da lamba guda, sau ɗaya za a cire kuɗi.

Ginshiƙi na biyu shi ne babu agogo guda. Agogon da ke cikin kwamfuta yana zamewa kaɗan-kaɗan. Wanda ke kuskure da kashi 20 cikin miliyan, a yini guda ya zame da fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi, alhali kuwa cikin daƙiƙa guda uwar garke tana iya gama ayyuka dubbai. Ba kuma za a iya daidaita agogunan sarai ta hanyar saƙo ba, domin saƙon kansa yana cin lokaci. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin zaren gilashi. Wayar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas a 2010 tana da tsawon kimanin kilomita 7,000, watau zuwa da dawowa ba za su gaza kashi 70 cikin dubu na daƙiƙa ba, ko nawa aka kashe. To, in mutum biyu sun taɓa asusu guda daga wurare biyu, wa ya riga wani? A 1978 Lamport ya kawo wata dabara mai sauƙi: kowace kwamfuta ta riƙe ƙidaya, ta ƙara ɗaya duk lokacin da ta yi wani abu, ta liƙa ƙidayar a jikin duk saƙon da ta aika; mai karɓa kuma ya duba tasa da wadda ta zo, ya ɗauki babbar ya ƙara ɗaya. Da wannan kaɗai ake tabbatar da cewa sanadi ba zai taɓa zuwa bayan sakamakonsa a cikin lissafi ba. Kamfanin Google kuwa, a rumbun bayanansa mai suna Spanner da ya bayyana a 2012, sai da ya girke agogunan atam da na'urorin karɓar lokaci daga tauraron ɗan'adam, kuma duk da haka sai rumbun ya ɗan dakata har shakkar da ke cikin agogo ta wuce kafin ya tabbatar da rubutu. In mai wannan dukiya bai amince da agogonsa ba, ina dalilin ɗalibinmu na amincewa da nasa?

Ginshiƙi na uku shi ne kwafi da rabuwa. Don gudun asara akan ajiye bayani a wuri fiye da ɗaya. Alal misali, asusu mai naira 50,000 yana da kwafi a Legas da kwafi a Inugu. Ranar da waya ta tsinke tsakanin garuruwan biyu, sai ga maigida a Legas yana son cire 50,000, uwargida kuma a Inugu tana son cire 50,000. Zaɓi biyu ne kawai. Ko dai a biya su duka biyun, littattafai su saɓa, a zo ana neman 50,000 da babu su. Ko kuwa a ce wa aƙalla ɗayansu ya dakata har waya ta dawo. Eric Brewer ya gabatar da wannan a matsayin hasashe a 2000, Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da shi a 2002. Wanne za a zaɓa ya danganta da irin aikin: abin da ya dace da ƙidayar masu kallon bidiyo bai dace da asusun marayu ba. Amma dole mai gini ya san cewa zaɓi yake yi, domin wanda bai zaɓa ba, ranar da waya ta tsinke manhajar za ta zaɓa masa.

Ginshiƙi na huɗu shi ne cim ma matsaya. Yaya kwamfutoci biyar za su amince da magana guda alhali wasunsu na iya mutuwa a tsakiyar shawara? Asirin yana cikin rinjaye. Duk uku da ka ɗebo daga cikin biyar, da duk wasu ukun da wani ya ɗebo, tilas a sami aƙalla guda da ke cikin ɓangarorin biyu, ita ce kuwa za ta hana a zartar da hukunci biyu masu karo da juna. Saboda haka biyar suna jure mutuwar biyu. A 1985 Michael Fischer da Nancy Lynch da Michael Paterson sun nuna iyakar abin: in babu haddi ga jinkirin saƙo, babu wata ƙayyadaddiyar dabara da za ta lamunce cewa kullum za a kai ga matsaya, ko da kwamfuta ɗaya ce tak ke iya mutuwa. Shi ya sa dabarun da ake aiki da su, kamar Paxos ta Lamport da aka buga a 1998, da Raft ta Diego Ongaro da John Ousterhout ta 2014, suka gwammace su tsaya cik a lokacin rikici da su yanke hukuncin ƙarya. In kuwa ana tsoron wata kwamfuta za ta yi ƙarya da gangan, ta faɗa wa wannan fari ta faɗa wa wancan baƙi, binciken Lamport da Shostak da Pease na 1982 ya nuna cewa, idan saƙonni ba su da sa hannun da ba ya jabuntuwa, jure maƙaryaci ɗaya yana bukatar huɗu, jure biyu yana bukatar bakwai.

Masu Hadda

Yanzu sai mu dubi abin da muke yi da wannan dukiya. Rukuni na farko su ne masu hadda. Malam ya shigo da takardun laccar da ya gada daga nasa malamin, sun yi jawur don tsufa, ya yi ta shifta ɗalibai suna rubutawa: ma'ana, siffofi, fa'idoji, illoli, ire-ire. A cikin irin waɗannan takardu na sha ganin shafuffuka a kan CORBA, wata fasaha da ta yi tashe a shekarun 1990 wadda ba kasafai ake gina sabon abu da ita a yau ba, amma ban ga layi ɗaya a kan abin da za a yi in amsa ta ɓace ba. Ranar jarrabawa a ce, "Kawo fa'idoji biyar." Wanda ya fi ƙwaƙwalwar riƙo ya fi maki.

Masu wannan hanya sukan kare kansu da cewa su tushe suke koyarwa. Wannan magana ba ta da kai. Jerin sunaye daban, tushe daban. Tushe shi ne ɗalibi ya iya ɗaukar alƙalami ya nuna dalilin da ya sa sarakunan yaƙin nan ba za su taɓa samun tabbas ba, ya kuma gane fuskar wannan matsala in ta zo masa sanye da rigar biyan kuɗin makaranta. Wanda ya haddace sunayen sassan keke ashirin bai taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba, ranar da aka ba shi keke a gangara zai san abin da ya rage masa. Wannan fanni musamman ba ya shiga kai ta kunne, domin dukan wahalarsa tana cikin abubuwan da hankali ke ƙin yarda da su sai ya gani. Mutum ba ya gaskata cewa saƙo na biyu na iya riga na farko isa sai ranar da hakan ya rushe masa aikin mako uku. Gani ya kori ji.

Masu Kasuwa

Rukuni na biyu sun fi na farko haɗari, domin maganarsu tana da zaƙi. Su ne masu cewa duk wannan lissafi ɓata lokaci ne. A koya wa yaro yadda zai danna maɓallan manyan kamfanonin da ke ba da hayar kwamfutoci ta intanet, ya sami takardar shaidarsu, ya sami aiki. Sukan ƙara da cewa ai waɗannan kamfanoni sun riga sun warware matsalolin, kuma ɗalibanmu ba Google za su gina ba.

Na yarda cewa ɗalibi yana bukatar abinci, kuma jami'ar da ke yaye mutanen da ba su iya kayan aikin zamaninsu ba ta ci amana. Amma kayan aiki yayi ne. An yi yayin CORBA ya wuce. Hadoop, wanda ya fito a 2006 a kan tafarkin dabarar MapReduce da injiniyoyin Google suka bayyana a 2004, ya yi tashen da har ana ganin wanda bai iya shi ba bai iya komai ba, yanzu tauraronsa ya dusashe. Ƙidayar Lamport ta 1978 kuwa tana nan daram. Kubernetes ɗin da ake rububin koyo a yau, rumbun da yake ajiye bayanansa a ciki a kan Raft aka gina shi. Wanda ya san rinjaye zai fahimci dalilin da ya sa ake girke wannan rumbu uku-uku ko biyar-biyar cikin minti guda. Wanda bai sani ba sai ya haddace, ya koma sahun rukuni na farko da sabuwar riga.

Batun cewa manyan kamfanoni sun gama warware komai kuwa, tarihi ya ƙaryata shi. A ranar 4 ga Oktoban 2021 wani umarni da aka bayar yayin gyara na yau da kullum ya yanke cibiyoyin Facebook daga intanet, shi da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kimanin awa shida. A ranar 1 ga Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya sabunta manhaja a kan uwayen garke bakwai aka manta da ta takwas, cikin kimanin minti 45 ya yi asarar fiye da dala miliyan 400. A nan gida, ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da ayyukan bankuna suka tangaɗe a ƙasashe da dama har da Nijeriya. A watan Mayun 2025 hukumar JAMB da kanta ta fito ta amsa cewa gyaran da aka yi wa manhaja bai zauna daidai a kan wasu uwayen garke ba, aka sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Mai karatu ya lura da kamar da ke tsakanin wannan da abin da ya sami Knight Capital: na'urorin da ya kamata su zama bakinsu ɗaya sun wayi gari suna magana biyu. Hayar kwamfuta ba ta ɗauke wa mai gini wannan nauyi. Haka nan manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta wa ɗalibai aiki a yau ba su ɗauke shi ba, domin wanda bai san tambayar da zai yi ba, ba zai gane amsar da ta gurgunce ba.

Masu Uzuri

Rukuni na uku su ne waɗanda suka yarda da duk abin da na faɗa, sa'an nan su yi ajiyar zuciya su ce, "Ina wuta? Ina ɗakin gwaji? Ɗalibai ɗari uku a aji, malami ɗaya." Ban musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, a cikinsu nake kwana nake tashi. Amma uzurin ya fi gaskiyar girma.

Darasin farko na wannan fanni ba ya bukatar wuta ko kaɗan. Na gwada, ya kuma yi aiki. A fito da ɗalibai biyar a zaunar da su suna ba juna baya, a hana su magana, a ba kowa 'yan takardu. Malam shi ne hanyar sadarwa: shi ke karɓar takarda daga wannan ya kai wa wancan, kuma yana da ikon ya yaga ta, ko ya sa ta aljihu sai can ya fito da ita, ko ya kwafe ta ya kai sau biyu. A ce su zaɓi shugaba guda a tsakaninsu. Kafin awa ta cika za a sami shugabanni biyu kowa na rantsuwa shi aka zaɓa, aji ya kaure da dariya, kuma daga ranar ba wanda zai sake tambayar amfanin rinjaye. Alli da takarda kawai aka kashe.

Mataki na biyu ma ba ya bukatar ɗakin gwaji na miliyoyi. Kwamfutar cinya guda tana iya ɗaukar shirye-shirye biyar masu aika wa juna saƙo, kowanne a matsayin na'ura mai zaman kanta. Ɗalibai uku su haɗa nasu ta wayar hannu, su gina ɗan ƙaramin rumbu mai kwafi uku, sa'an nan malam ya zo ya kashe guda a tsakiyar aiki ya ga abin da zai faru. Kayan karatu kuwa a buɗe suke. Jami'ar MIT ta sa darussanta na wannan fanni a intanet kyauta, har da ayyukan da ɗalibanta ke gina Raft da hannunsu. Laccocin Martin Kleppmann na Jami'ar Kambirij suna nan kyauta, haka ma littafin Maarten van Steen da Andrew Tanenbaum. Hasali ma, mu da wuta ke ɗauke mana ba sallama, sabis ya zo ya tafi, mun fi kowa dacewa da wannan ilimi, domin abin da wasu ke ƙirƙira a ɗakin gwaji mu a cikinsa muke rayuwa. Abin da ya rage shi ne malami ya yarda ya sake zama ɗalibi, ya zauna ya gina abin da zai sa yara su gina. A nan ne gizo ke saƙar, kuma shi ne abin da ba mu son a faɗa.

Kammalawa

A watan Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabon tsarin manhajar karatu, wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ta ga ya dace. Saboda haka ba mu da bakin cewa an ɗaure mana hannu daga Abuja. Ina kira ga sassanmu da abubuwa huɗu. A mayar da wannan kwas wajibi ga duk mai neman digirin ilimin kwamfuta, a kuma ajiye shi bayan ɗalibi ya yi darasin hanyoyin sadarwa, amma kafin ya fara aikin kammalawa. A gina shi a kan ginshiƙan nan huɗu, kayan yayi su zo a matsayin misali. A ware aƙalla rabin maki ga abin da ɗalibi ya gina, a kuma gwada ginin ta hanyar kashe na'ura da yanke waya a gaban idonsa. Daga ƙarshe, kada a sa hannu a kan aikin kammalawar da ya shafi kuɗi ko bayanan jama'a sai mai shi ya amsa tambayar da na yi wa saurayin nan.

Shi saurayin, bayan an tashi, ya biyo ni har bakin mota ya ce, "Malam, don Allah mece ce amsar?" Muka tsaya a inuwar wata bishiya na zana masa batun lambar buƙata a bayan ambulan. Minti goma bai cika ba ya gane, har ya hango da kansa cewa dole a rubuta lambar da cire kuɗin a tare, in ba haka ba wutar da ta ɗauke a tsakaninsu za ta maido da matsalar. Shekara huɗu yana hannunmu, minti goman nan muka hana shi. Irinsa ne gobe za su riƙe albashin ma'aikata da sakamakon jarrabawar 'ya'yanmu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.